Ƙanwata ta samu gurbi a gasar ƙwallon mata ta yanki, akwai makoma a ciki?

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana cewa wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata da ke buga gasar yanki ta nemi ƙanwarsa, 'yar shekara 17, ta zo ta buga mata. Yana son sanin mece ce gasar yanki, me ya sa ba a haɗa ƙasa baki ɗaya a gasa guda ba, su wane ne ke riƙe da irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma shin ba ɓata lokaci ba ne tunda ba a ko nuna wasanninsu a talabijin.

Ɗan'uwa, ba ɓata lokaci ba ne. A shekarun ƙanwarka babu abin da take buƙata kamar wasa na gaske duk ƙarshen mako, mai alƙali, mai maki uku, wanda idan aka sha kashi za a ji zafinsa har a dawo atisaye. Gasar yanki, wato wadda ƙungiyoyin ɓangare ɗaya na ƙasa kaɗai ke bugawa a tsakaninsu, ita ce ke samar da wannan. Sai dai ka raba abu biyu a ranka: gasar daban, ƙungiyar daban. Gasar kan yi kyau ƙungiyar ta zama matsala, kuma a nan ne nake son ka sa ido sosai.

Dalilin raba gasa yanki-yanki shi ne tafiya, ba wani abu ba. Ɗauki gasa mai ƙungiyoyi 12. Kowacce za ta buga wasa 22 a kaka, 11 daga ciki a waje. Idan ƙungiyoyin na kusa da juna, sai a fita da safe, a buga, a dawo a kwana a gida. Idan kuwa suna warwatse daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan, kowane wasan waje ya koma tafiyar kwana biyu ko uku, da mota da masauki da ciyar da mutum sama da ashirin. 'Yan wasan wannan mataki kuwa yawancinsu ɗalibai ne ko ma'aikata, Litinin da safe ana jiransu a aji ko a wurin aiki. Kuɗin tafiya shi ne ya fi kashe ƙananan ƙungiyoyi. Za ka ga ƙungiya ta fara kaka da ƙarfi, tana kaiwa tsakiya sai ta daina zuwa wasannin waje, ana ba abokan karawarta maki a bagas, teburin gasa ya lalace.

Manyan ƙasashen ƙwallo ma daga nan suka faro. Lokacin da Jamus ta buɗe Bundesliga ta mata a 1990, rukuni biyu ta yi, arewa da kudu, sai a 1997 aka dunƙule su. Gasarta ta mataki na biyu da aka fara a 2004 ita ma a rabe take har zuwa 2018. Ghana har yanzu babbar gasarta ta mata shiyya biyu ce, ta arewa da ta kudu, zakarun shiyyoyin su haɗu a wasan ƙarshe, kuma daga wannan tsari ne Hasaacas Ladies ta Sekondi da Ampem Darkoa ta Techiman suka yi suna. Najeriya ma ta sha raba ƙungiyoyin babbar gasarta rukuni biyu, sannan a tara shida da suka fi ƙoƙari a gari guda su fitar da zakara. Ka ga raba gasa ba alamar ƙasƙanci ba ne.

Akwai kuma dalilin tarihi da ya sa ƙwallon mata ba ta da yawan ƙungiyoyi kamar ta maza. A ranar 26 ga Disambar 1920, mutum wajen 53,000 suka cika filin Goodison Park da ke Liverpool don kallon matan Dick, Kerr da na St Helens. Shekara na zagayowa, a Disambar 1921, hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata amfani da filayen ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta, haramcin da ya kai shekara hamsin. Jamus ta Yamma ta yi nata daga 1955 zuwa 1970. Brazil kuwa da doka ta hana, daga 1941 zuwa 1979. A duk tsawon wannan lokaci ƙungiyoyin maza na gina filaye, suna tara magoya baya, suna kafa makarantun yara. Don haka idan ka je kallon wasan mata na yanki ka tarar da 'yan kallo ƙalilan, ka tuna da wannan giɓin kafin ka yanke hukunci.

Yanzu ga yadda tsarin yake idan an gina shi da kyau. A Ingila matakai biyu na sama na ƙasa baki ɗaya ne. Daga mataki na uku aka fara rabawa: gasar FA Women's National League tana da rukunin arewa da na kudu. A mataki na huɗu rukuni huɗu ne, arewa, tsakiya, kudu maso gabas da kudu maso yamma. A na biyar yankuna takwas, na shida ma na yankuna ne, ƙasa da su kuma gasannin gundumomi. A Jamus mataki na uku shi ake kira Regionalliga, yankuna biyar. Kana sauka ƙasa, yankin na ƙara tsukewa, tafiya na raguwa, ƙungiyoyi na ƙaruwa. Kowane mataki na haɗe da na samansa, wadda ta yi ƙoƙari ta haura, wadda ta gaza ta faɗo.

Misalin da ya fi burge ni a Afirka shi ne na Afirka ta Kudu. A 2009 suka kafa gasar Sasol, wadda ake bugawa a kowane ɗaya daga lardunan ƙasar tara, ƙungiyoyi sama da ɗari, sannan zakarun larduna su haɗu a fitar da gwana. Shekara goma suka yi a haka ba su da gasar ƙasa guda ta mata. Sai a 2019 suka ɗora gasar ƙasa a kan ta lardunan. Bayan shekara biyu Mamelodi Sundowns ta lashe kofin zakarun ƙungiyoyin mata na Afirka na farko, a 2022 kuma tawagar ƙasar, Banyana Banyana, ta doke Maroko da ci 2-1 a Rabat ta ɗauki kofin nahiyar karon farko. Ban ce gasar larduna kaɗai ta kawo wannan ba, amma sun fara da tushe kafin rufi, kuma ni a ganina haka ya kamata.

To su wane ne ke riƙe da ƙungiyoyin? Wannan tambayar taka ita ce ta fi muhimmanci a cikin duka, domin mai riƙe da ƙungiya shi ke nuna maka ko za ta kai baɗi.

Akwai ƙungiyoyin da na mata ne zalla, ba su jingina da kowa ba. Su ne suka riƙe ƙwallon mata lokacin da babu mai waiwayarta, kuma ina ganin girmansu ƙwarai. Doncaster Belles ta Ingila, wadda aka kafa a 1969, ta taɓa zama gagarabadau a ƙasar. Turbine Potsdam ta Jamus ta ci kofin Turai sau biyu, a 2005 da 2010. Amma da kuɗi ya shigo harkar, irinsu ne suka fara jin jiki. A 2013 hukumar ƙwallon Ingila ta sanar da cewa za a sauke Doncaster Belles zuwa mataki na biyu, Manchester City ta samu gurbi a sama, ba don an doke Belles ɗin a fili ba. Turbine Potsdam ta faɗo daga Bundesliga a 2023. FFC Frankfurt, wadda ta fi kowace ƙungiyar Jamus cin kofin Turai na mata, ta zaɓi ta narke cikin Eintracht Frankfurt a 2020. A matakin yanki har gobe irin waɗannan ƙungiyoyi na da yawa. Sau tari mutum ɗaya ne ko biyu ke ɗauke da su, shi ne shugaba, shi ne sakatare, wani lokaci shi ke tuƙa motar. Akwai kula da sanin darajar 'yar wasa a wurinsu, amma ranar da mutumin ya gaji ko aljihunsa ya yi sanyi, shi ke nan.

Sai waɗanda reshe ne na manyan ƙungiyoyin maza. Borussia Dortmund ta kafa ƙungiyar mata a 2021, ta ƙi sayen gurbin wata, ta fara daga gasar gunduma tana hawa mataki-mataki. Newcastle United kuwa tun matanta na mataki na huɗu, a watan Mayun 2022, suka tara 'yan kallo 22,134 a filin St James' Park a wasansu da Alnwick Town. A 2023 ta mayar da 'yan wasanta cikakkun ƙwararru masu albashi alhali tana mataki na uku, a 2024 ta haura. Irin wannan ƙungiya tana da fili mai kyau da likitoci da kayan aiki. Haɗarinta shi ne ƙungiyar mata ce ake fara taɓawa idan ɓangaren maza ya shiga matsin kuɗi. Reading ta yi shekaru a babbar gasar matan Ingila, amma a 2024 ta janye daga mataki na biyu ta koma na biyar saboda halin da uwar ƙungiyar ta shiga. Notts County kuwa a 2017 aka rushe ɓangaren matanta ana saura kwana biyu a fara gasa, 'yan wasa suka wayi gari babu aiki.

A Afirka an fi samun waɗanda gwamnati ko wata hukuma ke ɗaukar nauyinsu. Rivers Angels da Bayelsa Queens da Delta Queens da Edo Queens da Nasarawa Amazons duk na gwamnatocin jihohi ne a Najeriya. AS FAR ta Maroko da Green Buffaloes ta Zambiya na sojoji ne. A Afirka ta Kudu jami'o'i na da ƙungiyoyi masu ƙarfi. Waɗannan ba su cika mutuwa farat ɗaya ba, sai dai lafiyarsu na bin ra'ayin wanda ke kan kujera.

Inda gasar yanki ta fi ciwo shi ne ƙofar fita daga cikinta. Yankuna na da yawa, gurabe a sama kaɗan ne. Shekaru da dama a Ingila zakarar arewa da zakarar kudu sai sun sake karawa a wasa ɗaya tak, wadda ta ci ita kaɗai ke haurawa. Wolverhampton Wanderers ta lashe rukunin arewa a 2022, Southampton ta doke ta da ci ɗaya mai ban haushi a wasan cike gurbi, ta zauna inda take. A 2023 haka ta faru da Nottingham Forest a hannun Watford. Ka yi tunanin 'yan wasan da suka yi wata tara suna fita atisaye da dare bayan an tashi aiki, suka ƙare a saman teburi, sannan minti casa'in ya shafe komai. Sai daga kakar 2023 zuwa 2024 aka gyara, zakarun biyu suka riƙa haurawa tare. A Jamus ma an sha ganin haka, Viktoria Berlin ta ci yankinta a 2023 amma Hamburg ta tare ta a wasan cike gurbi. Ni dai ra'ayina a nan ba ya rawa: duk ƙungiyar da ta ci yankinta ta cancanci haurawa, idan gurabe ba su isa ba a faɗaɗa gasar sama.

Ko an ci a fili ma da sauran aiki, domin akwai lasisi. Gasar sama kan gindaya sharuɗɗa: fili mai fitilu da wurin zaman 'yan kallo, ɗakunan canza kaya, koci mai takardar shaida ta wani mataki, likita, ƙungiyar matasa, da hujjar cewa akwai kuɗin da zai kai ƙarshen kaka. Sharuɗɗan na da amfani, su ne ke kare 'yan wasa daga ƙungiyoyin je-ka-na-yi-ka. Amma suna nufin ƙungiya kan iya cin gasa ta kasa haurawa, ko ta haura kuɗin tafiya ya ninka ta durƙushe. Shi ya sa za ka ga wasu shugabannin ƙungiyoyi a ransu ba sa ma son haurawar, ko da ba su faɗa wa 'yan wasa ba. Wannan tambaya ce da ya dace ka yi wa shugaban ƙungiyar da ta nemi ƙanwarka ido da ido: idan kun ci gasa, kun shirya haurawa?

Wani abin da ke ƙara talauta su shi ne raino ba ya kawo musu riba. A ƙwallon maza, ƙungiyar da ta raini yaro tana da haƙƙin kuɗin raino idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a wata ƙasa. Shekara da shekaru dokar FIFA ta fito fili ta ce wannan tsari bai shafi ƙwallon mata ba. Cinikin 'yan wasa mata ma bai daɗe da fara kauri ba, sai a Janairun 2025 aka fara sayen 'yar wasa a kan sama da dala miliyan ɗaya, lokacin da Chelsea ta ɗauko Naomi Girma daga San Diego Wave. Saboda haka ƙaramar ƙungiya kan ɗauki yarinya tun ba ta iya tsayar da ƙwallo ba, ta koya mata komai, babba ta zo ta ɗauke ta, a bar ta da godiya kawai.

Game da makoma kuwa, gaskiya ɗaya ce: yawancin 'yan wasan gasar yanki ba za su ci abinci da ƙwallo ba, kamar yadda yake a ɓangaren maza. Kada ƙanwarka ta ajiye karatu saboda wannan gayyata. Amma kusan duk wadda ka ji sunanta a duniya ta bi ta irin wannan hanya. Alnwick Town ɗin nan da Newcastle ta kara da ita, a ƙungiyar yaranta Lucy Bronze ta fara wasa tare da maza, har dokar lokacin ta raba ta da su tana da shekara 12. Daga baya ta je Sunderland, ƙungiyar arewa maso gabashin Ingila da ta fitar da Steph Houghton da Jill Scott da Jordan Nobbs da Beth Mead. Bronze da Scott da Mead duk suna cikin tawagar da ta ci wa Ingila kofin Turai a 2022. Asisat Oshoala daga FC Robo ta Legas ta fito, ta koma Rivers Angels, ta zama gwarzuwar gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada a 2014, daga nan sai Liverpool, har ta kai Barcelona inda ta ci kofin zakarun Turai a 2021.

A Afirka ma yanzu tsanin ya ƙara tsawo. Tun 2021 akwai kofin zakarun ƙungiyoyin mata, kuma shi kansa ta shiyya ake shigarsa: an raba nahiyar shiyya shida, zakarun ƙasashe su fafata a shiyyarsu kafin a je gasar ƙarshe. Ta wannan ƙofa Hasaacas Ladies ta kai wasan ƙarshe a 2021, Bayelsa Queens ta zo ta uku a 2022, Edo Queens ta kai wasan daf da ƙarshe a 2024, shekarar da TP Mazembe ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta ɗauki kofin. Masu farautar 'yan wasa na zuwa waɗannan wasanni, kuma rashin talabijin da ka ambata ya rage nauyi, tunda ƙungiyoyi da yawa na watsa wasanninsu a Facebook da YouTube da wayar hannu.

Shawarata ita ce kada ka auna ƙungiyar da ranar wasa, ranar da kowa ya sa riga mai kyau. Je ka ranar atisaye a tsakiyar mako, ka tsaya gefe. Duba ko an fara a kan lokaci, kuma mutum nawa suka zo. Ƙungiyar da ke da sunaye 25 a takarda amma tara ne a fili tana da matsala. Duba minti ashirin na farko: shin kocin na sa su motsa jiki a tsare, da tsalle da sauka a ƙafa ɗaya da koyon juyawa ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba, ko kuwa zagaye biyu kawai ake yi a jefa ƙwallo? Duba ko masu tsaron raga na da mai kula da su ko an bar su suna jiran a buga musu. Saurari yadda kocin ke magana da wadda ta yi kuskure. Mai zagi da wulaƙanci ba ya gina 'yar wasa, ko da kofi nawa ya ci.

Na nanata batun motsa jiki ne saboda gwiwa. Tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa ta fi samun mata 'yan ƙwallo fiye da maza, kuma jinyarta bayan tiyata kan ɗauki wata tara zuwa shekara. Ita ce ta hana Beth Mead da kyaftin ɗin Ingila Leah Williamson zuwa gasar cin kofin duniya ta 2023, su da ke hannun manyan likitoci. Akwai tsarin ɗumama jiki mai suna FIFA 11+ da aka tsara don rage irin waɗannan raunuka, kyauta ne, ba ya buƙatar wasu kayan aiki, kocin da ya san aikinsa ya san shi. Ka tambayi shugabannin kai tsaye: idan ta ji rauni a wasa ko a atisaye, wa zai biya kuɗin asibiti, kuma akwai inshora? Kada ka tsaya a amsarsu. Nemi wata 'yar wasa da ta ji rauni a kakar da ta wuce ka ji daga bakinta yadda aka yi da ita.

Tunda ƙanwarka ba ta cika 18 ba, ka tabbatar akwai mace babba a cikin jami'an da ke tafiya da su wasannin waje, ka san wanda ake kai wa ƙara idan wani abu ya faru, kuma ka karɓi jadawalin wasanni ka gwada shi da lokacin jarrabawarta. Ka ga katin rajistarta da idonka, da sunanta daidai da ainihin ranar haihuwarta. Idan wani ya ce a rage mata shekaru don ta samu shiga tawagar matasa, ka ƙi, domin wannan ƙaryar na bin 'yar wasa har ƙarshen wasanta. Duk takardar da za a sa wa hannu ka karanta ta, musamman tsawon lokacin da ta ɗaure ta da abin da zai faru idan wata ƙungiya ta neme ta. A wannan mataki rajistar kaka ɗaya ta wadatar. Idan kuma ƙungiyoyi biyu ne ke nemanta, babba da za ta ajiye ta a benci da ƙarama da za ta riƙa sa ta a wasa duk mako, ku zaɓi ƙaramar.